Hogan Bassey: Gajeren da Ya Ɗauko wa Nijeriya Kambun Duniya

Ranar 24 ga Yuni, 1957, damina ta zauna a kudancin Kano. Manoman Rano da Kibiya suna duƙe a gonakin dawa da gyaɗa, hankalinsu na kan ciyawa da hadari. A Landan kuwa, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Obafemi Awolowo da Nnamdi Azikiwe sun shafe wata guda a taron tsarin mulki, ana ja-in-ja da Turawa kan yadda za a miƙa wa Nijeriya ragamar kanta. Ghana ta riga ta samu nata 'yancin tun watan Maris. A daren wannan rana, a birnin Paris, wani saurayi ɗan Kalaba mai shekara 25, wanda tsawonsa bai wuce ƙafa 5 da inci 3 ba, ya hau fagen damben Turawa, ya sauko da kambun duniya na ajin kilo 57. Sunansa Hogan Bassey. Shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya zama zakaran duniya a dambe, shekara uku kafin ƙasar ta ɗaga tutarta.

Mu a ƙasar Hausa dambe ba baƙonmu ba ne. Duk wanda ya tashi a Rano ko Kibiya ko ƙauyukan da ke gindin duwatsun yankin ya san yadda ake yi idan kaka ta yi, amfani ya shiga rumbu, 'yan kuɗi sun shiga aljihu. A share fili, 'yan kallo su yi da'ira, makaɗa su gyara kalangu. Ɗan dambe ya zauna a gefe ya miƙa hannunsa mai ƙarfi, abokinsa ya lulluɓe shi da ƙyalle, ya bi da zare yana naɗewa yana ja, tun daga wuyan hannu har dunƙulen ya yi tauri. Ɗaya hannun a buɗe yake, shi ne garkuwa. Ya miƙe, ya yi kirari, ya zaga fili yana neman wanda zai tare shi. In an sa zare turmi uku ne. Wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi, in kuwa kowa ya tsaya da ƙafarsa sai a ce turmi uku babu kisa, a raba su. Wasa ne da aka fi sanin mahauta da shi tun asali, kuma ya fitar da gwanaye irin su Shago, wanda waƙar Ɗan Anace ta kai sunansa inda ƙafarsa ba ta je ba.

Abin da fagenmu na gargajiya bai gada ba shi ne sikeli. Ido ke auna mutum, kuma idon 'yan kallo ƙato yake so. Ɗan ƙaramin mutum, komai gwanintarsa, da wuya a kira shi sarkin fage muddin ƙarti na nan. Damben Turawa ya raba mutane aji-aji bisa nauyi. Kafin wasa kowa sai ya tuɓe ya hau sikeli a gaban shaidu, wanda ya haura nauyin ajinsa ko da kaɗan ne sai ya je ya rage, ko ya rasa damarsa. Ta wannan ƙofa Bassey ya shiga. Da babu ita, mutum mai jiki irin nasa ba zai taɓa jin ƙanshin kambun duniya ba.

An haife shi ranar 3 ga Yuni, 1932, a Creek Town kusa da Kalaba, aka raɗa masa suna Okon Bassey Asuquo. A Legas ya girma, a can kuma ya koyi dambe. Bai cika shekara 18 ba ya fara damben kuɗi, nan da nan ya ci kambun Nijeriya a ƙananan azuzuwa, ya haɗa da na Afirka ta Yamma. Sai ya zamana a gida babu sauran abokin karawa, babu kuma kuɗin da zai riƙe mutum. Farkon 1952 ya same shi a Liverpool.

Yaran yau ƙwallo suka san Liverpool da ita. A wancan zamani tashar jiragen ruwa ce, inda jiragen kamfanin Elder Dempster ke sauke kaya da fasinjoji daga Afirka ta Yamma. Hanyar da buhunan gyaɗar Kano ke bi, daga dala zuwa jirgin ƙasa, daga jirgin ƙasa zuwa Legas, daga Legas zuwa teku, ita Bassey ya shiga daga rabinta. A garin akwai unguwar ma'aikatan jirgi baƙaƙen fata da iyalansu, akwai kuma zauren dambe da ake cika shi kowane mako. Wanda ya karɓe shi ya zama manajansa shi ne Peter Banasko, haifaffen Liverpool wanda mahaifinsa mutumin Ghana ne. Banasko ya san ɗacin sana'ar, domin shi ma ya yi dambe a zamanin da doka ta hana wanda ba farar fata ba neman kambun Birtaniya. Sai a 1948 aka ga baƙin mutum na farko, Dick Turpin, ya ɗaura wannan kambu.

Shekarun nan na farko a Ingila su ne ba a cika ba da labarinsu ba, kuma ni a ganina su suka gina shi. Ga sanyin da bai saba ba, ga kuɗin haya, ga abincin da ba nasa ba. Kusan kowane wata yana kan fage, wani watan fiye da sau ɗaya, domin in bai yi dambe ba babu na cefane. Ya yi nasara da yawa, an kuma ci shi a wasu, galibi da maki. A ƙarshen rayuwarsa ta fage lissafinsa ya tsaya a nasara 59, faɗuwa 13, canjaras 2. A yau manajoji kan yi ta zaɓar wa yaronsu raunanan abokan karawa don kada a ce an taɓa cin sa. Bassey bai samu wannan gata ba, kuma rashinsa ya amfane shi. Gajeren mutum ba shi da dogon hannun da zai tsaya daga nesa yana tsikara. Dole ya koyi sunkuyawa, ya kauce, ya kutsa har ƙirji ya kusa haɗuwa da ƙirji, sannan ya saki naushi a haƙarƙari da muƙamuƙi. Ba a koyon wannan sai an sha duka a hanyar shiga.

Kambun farko mai daraja da ya nufa shi ne na Daular Birtaniya. Wani ɗan Ghana, Roy Ankrah, ya riƙe shi tun 1951, har Billy Kelly ɗan Ireland ta Arewa ya karɓe shi a 1954. A watan Nuwamba na 1955 Bassey ya bi Kelly har Belfast, gaban mutanensa, ya shimfiɗe shi a turmi na takwas. A wannan shekarar ce wani ɗan Nijeriya kuma, Dick Tiger, ya sauka a Liverpool, aka ci shi a wasanninsa huɗu na farko a jere. Wanda ya ga Tiger a lokacin ba zai ce nan gaba zai riƙe kambun duniya a azuzuwa biyu ba. Hanyar da Bassey ya share ita ya bi.

Daga baya Bassey ya bar Banasko ya koma hannun George Biddles na Leicester, wanda ya fi sanin manyan masu shirya wasa. Biddles ɗin nan shi ne bayan shekara kusan ashirin ya kai Richard Dunn gaban Muhammad Ali a 1976. Rabuwa da mutumin da ya tarbe ka kana baƙo abu ne mai nauyi, kuma ban ga dalilin ƙawata shi ba. Amma a wannan sana'a kambun duniya ba hannu kaɗai ke kai mutum gare shi ba, sai da wanda zai buga waya a ɗauka.

Sai dama ta faɗo. Zakaran ajin, Sandy Saddler Ba'amurke, ya yi hatsarin mota da ya taɓa masa ido, ya ajiye kambun a farkon 1957. Aka shirya gasar fidda gwani. A watan Afrilu kaɗai Bassey ya kare kambunsa na Daula a hannun Percy Lewis ɗan Trinidad a Nottingham, turmi 15 cur, sannan ya tsallaka Amurka ya doke Miguel Berrios ɗan Puerto Rico da maki a Washington. Saura mutum ɗaya: Cherif Hamia.

Hamia haifaffen Aljeriya ne, yana dambe da tutar Faransa, shi ne kuma zakaran Turai. A lokacin ƙasarsa na cikin yaƙin neman 'yanci da aka fara a 1954. Ka duba wannan haɗuwa: 'yan Afirka biyu, ɗaya daga ƙasar da Ingila ke mulka, ɗaya daga wadda Faransa ke mulka, suna neman kambun duniya a tsakiyar Turai. Zauren na Hamia ne, ihun ma nasa ne. A turmi na biyu ya sami Bassey da naushi, Bassey ya je ƙasa. Da a fagenmu ne an gama, kalangu ya juya wajen mai nasara, an ɗaga Hamia a kafaɗa. A can kuwa alƙalin wasa ƙirge yake yi zuwa goma, wanda ya miƙe kafin a kai yana da sauran magana. Bassey ya miƙe. Ya lallaɓa har turmin ya ƙare, ya zauna a kusurwarsa aka shafa masa ruwa, ya dawo. Daga nan ya shiga matsa wa Hamia turmi bayan turmi, yana rage masa numfashi da ƙarfin ƙafa, har a turmi na goma alƙali ya shiga tsakani ya tsayar da wasan domin Hamia ba ya iya kare kansa.

Labarin ya cika jaridun Legas, ya shiga gidajen rediyo. A ƙarshen watan Agusta aka naɗa Tafawa Ɓalewa firaministan farko. Mutane da dama a Turai da Amurka a shafin wasanni suka fara cin karo da sunan Nijeriya, kafin su gan shi a shafin siyasa. A 1958 Sarauniyar Ingila ta ba Bassey lambar girmamawa ta MBE.

Shekarar 1958 ita ce ganiyarsa. Ranar 1 ga Afrilu ya kare kambun a Los Angeles a gaban mutum kimanin 20,000, akasarinsu magoya bayan abokin karawarsa Ricardo Moreno ɗan Meziko, matashin da kusan duk wanda ya ci da dukan kwaf ɗaya ya ci shi. Moreno ya zo da wuta, Bassey bai ja da baya ba, a turmi na uku Moreno ne a kwance. A watan Satumba kuma ya gamu da Willie Pep a Boston, wasan da ba na kambu ba. Pep tsohon zakara ne, yana da shekara 36, kuma har yau masana na lissafa shi cikin waɗanda suka fi kowa iya kaucewa a tarihin dambe. Turmi takwas yana zillewa yana tara maki. A na tara Bassey ya cim masa, ya kayar da shi sau biyu, aka tsayar.

Daga nan sai Davey Moore, ɗan Springfield ta jihar Ohio. Wannan karon Bassey ya haɗu da irinsa: gajere, kakkaura, mai naushi da hannu biyu, wanda shi ma kutsawa yake yi. Suka haɗu a Los Angeles ranar 18 ga Maris, 1959. Bassey ya fara da kyau, amma da tafiya ta yi tafiya fatar saman idanunsa biyu ta tsage. Wanda bai taɓa ganin irin wannan rauni ba zai ɗauka ƙarami ne. Gira wuri ne mai yawan jini. Yana gangarowa cikin ido, a goge a minti ɗaya na hutu, a danna magani, da an koma naushi ɗaya ya sake buɗe shi. Ɗan dambe sai ya koma yana jin naushi kafin ya gan shi. Haka Bassey ya yi ta tafiya har ƙarshen turmi na 13. Saura turmi biyu a gama, ya zauna a kujerarsa jini ya rufe masa gani, kusurwarsa ta ce ya isa. Kambu ya koma Amurka. Ranar 19 ga Agusta aka sake, a gari guda, sakamakon bai canja ba: bayan turmi na goma, ido a kumbure, Bassey bai fito na 11 ba. Bai sake hawa fage ba. Shekararsa 27.

A nan nake so mai karatu ya dakata tare da ni. Mu mutanen fage mun san abin da ake ce wa wanda ya janye. Makaɗi na kiran sunan ubangidanka, 'yan ɓangarenku na tsaye, 'yan mata na kallo, ga masu liƙi sun zaro kuɗi. A irin wannan wuri cewa "na haƙura" ya fi shan naushi ciwo. Akwai waɗanda suka yi wa Bassey irin wannan kallo a lokacin, suna ganin zakara a kwance ya kamata a fitar da shi, ba a zaune ba. Ni ban yarda da su ba, kuma dalilina shi ne abin da ya sami Moore ɗin kansa.

Moore ya riƙe kambun shekara huɗu. Ranar 21 ga Maris, 1963, a filin Dodger na Los Angeles, ya kara da Sugar Ramos ɗan Kyuba. A turmi na goma ya faɗi, ƙeyarsa ta bugi igiyar ƙasa ta fagen. Ya miƙe, ya ƙarasa turmin, aka tsayar da wasa. Har ya yi hira da 'yan jarida. A ɗakin canja kaya ya ce kansa na ciwo, ya suma, bai farfaɗo ba. Ranar 25 ga wata ya cika, yana da shekara 29, ya bar mata da 'ya'ya. Fafaroma na lokacin ya yi tir da wasan, gwamnan California ya nemi a haramta shi. Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan mun yi imani da shi. Amma addinin da ya koya mana haka shi ya hana mu jefa kanmu ga halaka. Raunin ƙwaƙwalwa ba ya fitar da jini a gani. Yaro kan sha mummunan duka a fagen ƙauye, ya miƙe yana murmushi don kada a ce ya ji, a watsa masa ruwa, gobe ya hau mota zuwa wani gari ya sake ɗaure hannu. Yanzu da dambenmu ya shiga talabijin da intanet, ana saka motoci da manyan kuɗi a gasa, ɓangarorin Kudu da Arewa da Jamus da Guramaɗa suna da magoya baya har ƙasashen waje, babu hujjar a tara ɗaruruwan mutane a karɓi kuɗin ƙofa ba tare da ma'aikacin lafiya a bakin fili ba, da wani mai iko da zai ce wa wanda aka kashe da mummunan duka ya huta makonni kafin ya dawo. Wannan bai fi ƙarfin masu gidajen dambe na birni ba, bai kuma fi ƙarfin masu shirya na kaka a Rano da Kibiya ba.

Bassey ya bar fage da hankalinsa, da idanunsa, da harshensa garau. Abin da ya yi da su shi ne rabin tarihinsa na biyu, kuma ya fi na farko tsawo nesa ba kusa ba. Ya dawo gida ya kama aikin koyarwa, ya zama mai horar da 'yan damben ƙasa. A 1963 ya fitar da littafi kan dabarun sana'ar mai suna Bassey on Boxing. A shekarar ce kuma, ranar 10 ga Agusta, Dick Tiger ya kare kambunsa na duniya a hannun Gene Fullmer a filin Liberty na Ibadan, aka ga wasan kambun duniya a ƙasar Nijeriya da ido.

Tun daga 1952 Nijeriya ta yi ta zuwa gasar Olamfik tana dawowa hannu rabbana. A Tokyo a 1964, Nojim Maiyegun, ɗaya daga cikin yaran da Bassey ya horar, ya ci tagulla a ajin kilo 71. Ita ce lambar Olamfik ta farko a tarihin ƙasar, a kowane irin wasa. Bayan shekara biyu, a gasar ƙasashe renon Ingila a Kingston ta Jamaika, Eddie Ndukwu da Anthony Andeh suka ɗauko zinare. A Munich a 1972 Isaac Ikhouria ya ƙara tagulla, kuma a wannan gasar ce Issaka Dabore ya ci wa maƙwabciyarmu Nijar lambarta ta farko, ita ma a dambe. Gwamnati kuma ta ba Bassey lambar girmamawa ta ƙasa, MON.

Ba zan ce duk wanda ya yi fice bayan haka daga hannunsa kai tsaye ya fito ba. Masu horarwa da yawa sun yi aiki, sojoji da 'yan sanda da kulob-kulob na unguwa sun yi nasu. Amma shi ne ya nuna cewa abin mai yiwuwa ne, sannan ya zauna shekara da shekaru yana nuna yadda ake yi, yadda ake ajiye ƙafa, yadda ake ɓoye haɓa bayan kafaɗa, yadda ake rage nauyi ba tare da an kashe jiki ba. Ƙauracewar da ƙasashen Afirka suka yi wa gasar Montreal a 1976, saboda wariyar launin fata a Afirka ta Kudu, ta hana wani zubi mai kyau na 'yan damben Nijeriya gwada hannunsu. Bayan shekara biyu, a 1978, Davidson Andeh ya je Belgrade ta Yugoslabiya ya ci gasar duniya ta 'yan damben da ba na kuɗi ba a ajin marasa nauyi na kilo 60, inda ya doke ɗan Tarayyar Sobiyet a wasan ƙarshe, a zamanin da Sobiyet da Kyuba suka mamaye wannan fanni. A 1984 kuma Peter Konyegwachie ya ci azurfa a Olamfik a ajin kilo 57, ajin Bassey, a Los Angeles, garin da Bassey ya ajiye kambunsa.

Dick Tiger bai yi tsawon rai ba. Yaƙin basasa ya cinye dukiyarsa, ciwon hanta ya ɗauke shi a Aba a watan Disamba na 1971, yana da shekara 42. Bassey ya rayu ya ga azurfa biyu da David Izonritei da Richard Igbineghu suka kawo daga Barcelona a 1992, ya ga tagullar Duncan Dokiwari a Atlanta a 1996. Ya rasu a gidansa da ke Apapa a Legas ranar 26 ga Janairu, 1998, yana da shekara 65. Tun daga tagullar Dokiwari, gasar Olamfik bakwai aka yi, daga Sydney a 2000 zuwa Paris a 2024, kuma babu ɗan damben Nijeriya da ya sake hawa dandamalin karɓar lamba.